Igiyar Hamma Buba

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa aikin nan namu ba komai ba ne, layi ɗaya za ka rubuta a kwamfuta ka danna, na'urorin Jimeta duka su gyaru kana zaune kana cin gyaɗa. Na kuma ji wata tana cewa manhajar da muke aiki da ita ta cika nawa, wai don me take tsayawa tana jira bayan kowane umarni, a cire jiran mana kowa ya huta. To, madalla da ku. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Tunda an ɗauke wuta kuma janareta ya ce yau ba ya yi, bari in gaya muku inda jiran nan ya samo asali, da wanda ya rasa kujerarsa kafin ku sami wannan sauƙin.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan hawa ƙarfe ne. Akwai wani ƙarfen eriya a bayan wani kafe na intanet a Karewa, iska ta juya masa kai, intanet ya ɗauke. Ni lokacin na gama sakandare ina zaman banza, babana malamin firamare ne da ya zo da mu daga wajen Ganye, burinsa in zama akawu a sakatariya. Ina tsaye ina kallo sai wani siririn mutum mai farar riga ya dube ni ya ce, "Kai, kana tsoron sama?" Na ce a'a, alhali ƙarya nake yi. Ya ɗaura mini bel a ƙugu, ya ja ya ga ya kama, ya ce in hau. Ina sama na ƙanƙame ƙarfe, shi yana ƙasa da laftof yana cewa, "Dama kaɗan. Ya yi yawa. Dawo. Tsaya nan." Da na sauko bai ce sannu ba. Ya ce gobe in zo da wuri.

Wannan shi ne Hamma Buba, Allah ya ji ƙansa. Bafillacen cikin garin Yola ne, gyaran rediyo ya fara yi tun kafin a san wani abu wai shi intanet. Hamma da Fillanci yaya ke nan, kuma kowa haka yake kiransa, har waɗanda suka girme shi. Ni kuwa bai cika kiran sunana Ishaya ba, sai dai ya ce Minyam, wato ƙanena. Yana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke raba intanet ta rediyo zuwa kafe-kafe da makarantu da ƙananan asibitoci, daga Jimeta har Ngurore.

Jakarsa ta tamfol ce, kuma na san abin da ke ciki kamar yadda na san aljihuna. Sukudireba, testa, tsohuwar laftof da batirinta ya mutu tun tuni, wani shuɗin kebul da ake haɗa laftof da na'ura kai tsaye, sai filayar matse kan kebul mai jan hannu, wadda ko arawa ba ya yi. Na daɗe a wajensa bai bar ni na taɓa madannin kwamfuta ba. Kan kebul kawai nake haɗawa. Ƙananan wayoyin nan masu launi-launi, kowace da gurbinta. In na yi kuskure ba ya faɗa. Sai ya duba, ya sa filaya ya datse, ya miƙo mini in sake. Wallahi na gwammace ya zage ni. Ku yanzu a ce ku sake abu sau biyu sai ku kumbura kamar fanke.

Abokan cinikinmu kuwa, sai wanda ya gani. Akwai Mama Talatu mai shagon buga takardu a Rumde, wadda za ta kira tun da safe tana ihu, "Intanet ɗinku ya mutu, ya kashe ni!" Mu je mu tarar ita da kanta ta zare filogin rauta, na'urar raba intanet ɗin, ta sa cajin waya. Hamma zai mayar da filogin, ya tambaye ta lafiyar yara, ya sha ruwan da ta kawo, mu tafi. Lokacin rajistar jarrabawa kuma masu kafe ba sa barin mutum ya ci abinci, ɗalibai cike da ƙofa, kowa yana ganin kai ne ka tare masa gaba.

Ranar da ya fara zaunar da ni gaban baƙin allo, a ofishin wata makaranta ne. Kun san shi, allon da babu hoto babu komai, sai rubutu. Ka shiga cikin rauta ko suwic ko rediyo, na'urar ta rubuta sunanta da 'yar alama a gaba tana ƙiftawa. Nan za ka rubuta umarni ka danna, ta aikata, ta sake fito da alamar. Ni da zumuɗi na rubuta umarni na farko, na bi shi da na biyu ban duba ba. Sai na ji ya riƙe mini wuyan hannu.

"Minyam, in ka je gidan mutane ka yi sallama, kutsa kai kake yi kafin a amsa?"

Na ce a'a.

"To wannan alamar ita ce amsarta. In ba ta fito ba, ba a ce ka shigo ba."

Ba tsabar ladabi ba ce kawai. Tsofaffin rediyoyinmu, in zafin Yola ya dake su a kan ƙarfe, sai su yi nauyi. Ka aika umarni na biyu ba su gama na farko ba, su haɗiye rabinsa, su aikata rabin. Rabin umarni kuwa ya fi babu muni.

Doka ta biyu ita yake kira igiya. In za ka canza saitin na'urar da ke nesa, ta cikin hanyar da kake magana da ita kake canzawa. Ka yi kuskure ɗaya, ka datse hanyar da kanka, na'urar tana can tana aiki da shirme kai kana nan ba ka iya isa gare ta. Sai dai ka nemi mota ka je ka hau ƙarfe. Don haka kafin ya taɓa komai, Hamma yakan ce wa na'urar: in ba ki sake ji daga gare ni ba nan da 'yan mintoci, ki kashe kanki ki kunna, ki koma yadda kike. Sai ya yi canjin, ya tabbatar komai lafiya, sannan ya soke wancan umarnin ya adana. Ya ce mai haƙa rijiya ba ya sauka sai da igiya a ƙugu, komai ƙwarewarsa. Ko na'urar da ke bayan ofis ce, sai ya ɗaura. Ni har haushi nake ji, amma ban isa in ce uffan ba.

Wani aiki a wani asibitin haihuwa ne ya fara nuna mini akwai matsala. Muna gaban allo sai ya ce, "Karanta mini, na bar tabarauna a gida." Na dube shi, tabarau yana fuskarsa. Na karanta masa. Daga nan kullum sai in karanta, shi ya rubuta, don yatsunsa sun san madannan ba sa buƙatar ido. Da na matsa masa ya je asibiti, suka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Abin da ya tafi ya tafi, saura ma binsa zai yi.

A daidai lokacin kamfanin ya canza hannu. Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini ya saye shi, muna ce masa Ciyaman. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka. Amma bai san bambancin rauta da akwatin talabijin ba, abin da ya sani shi ne wa ke aiki, wa ke zaune. Wata rana ya ja ni gefe ya ce, "Ishaya, wannan baba naka, ido ya tafi fa. Mutum biyu a kan aiki ɗaya, ni ban gane wannan ba." Na ce masa duk abin da ke cikin na'urorin nan a kan Hamma yake, ni karatu kawai nake yi masa. Ya ce to, mu gani zuwa ƙarshen damina.

Hamma yana da iyali a Yola, kuma ba shi da gona ba shi da shanu, duk da Bafillace ne. Kujerar nan ita ce abincin gidansa. Na rasa barci ina tunani. Ni dama na ɗan koyi rubuta manhaja da kaina, daga abin da nake saukewa in aiki ya yi sauƙi. Sai na ce, me zai hana in rubuta ɗan ƙunshin manhaja, abin da ake kira modul, wanda zai shiga na'ura ya rubuta umarnan da kansa, ya karanta amsar da kansa? Hamma kalma ɗaya zai rubuta ya danna, in an gama kwamfuta ta yi ƙara ɗaya, in an sami matsala ta yi biyu. Ba ya buƙatar ido, ba ya buƙatar mai karanta masa. Ta haka Ciyaman zai rasa abin faɗa.

Na gaya masa. Na ɗauka ransa zai ɓaci. Sai ya ce, "Ɗauko kujera."

Ƙarƙashin darbejiyar bayan ofis muke zama in ya dawo daga sallar la'asar. Ya rufe ido yana faɗo umarnan ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa kamar yana bugawa. Kowace irin na'ura da halinta. Wannan sai ka tambaye ta sau biyu. Waccan in ta ce ta gama ƙarya take yi, ƙara mata lokaci. Ta Ngurore tsohuwa ce, a bi ta a hankali. Da muka gwada a kan wata rauta da ke kan tebur, manhajar ta zuba umarnai kamar an ɓalle famfo, rautar ta daskare. Bai ga allon ba, amma ya ce, "Ba ta jira amsa ba, ko?" Na ce kwamfuta ce ai, ta fi mutum sauri. Ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa. Koya mata sallama." Na koma na sa jiran. Ya ce in sa igiyar ma, kuma in sa ta yadda babu mai fara aiki sai an ɗaura.

Shekarar ce kogin Binuwai ya cika ya yi ambaliya. Ku wasunku kuna goye a lokacin. Ruwa ya ci gonakin shinkafa, ya shiga gidajen bakin kogi, ya hau hanyar Ngurore har motoci suka daina wucewa. Masu kafe da yawa suka rufe, kayanmu na ƙasa suka jiƙe. Ana cikin haka tsawa ta lalata ɗaya daga cikin rediyoyinmu na Rumde, wanda Ngurore ke rataye da shi. Hanyar ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma tana numfashi sama-sama. Akwai ƙaramin asibiti a can da ke aika bayanan marasa lafiya ta wannan hanyar, ga ruwa ya raba su da gari. Dole a juya rediyon Ngurore ya kama wani ƙarfen, kuma daga nan ofis za a yi, don babu mai iya zuwa.

Da hantsi ne. Ciyaman yana tsaye a kanmu da waya a kunne. Hamma ya laluba madannai ya rubuta kalmarsa ya danna. Manhajar ta shiga, ta ɗaura igiya, ta fara. Ana tsakiya sai allo ya tsaya cak. Kwamfuta ta yi ƙara biyu. Ngurore ta ɓace.

Ciyaman ya ɗora hannu a ka. "Shi ke nan! Kun kashe ni! Wa zai je can, kifi?" Ya juya Turancin kasuwa yana ta zubawa. Ni kaina gumi ya jiƙa mini riga, don na san in rediyon bai dawo ba, sai ruwa ya janye, kuma a kan Hamma za a ɗora. Shi kuwa ya jawo kofin shayinsa ya ce wa Ciyaman da girmamawar Fillanci, "Barkama, zauna. Akwai igiya."

Muka zauna. Na zuba wa allo ido. Can sai ga sunan Ngurore ya fito a allo da 'yar alamarsa tana ƙiftawa. Rediyon ya ji shiru, ya kashe kansa ya kunna, ya koma yadda yake. Hamma ya ce in karanta masa inda aka tsaya. Ya ce tsohuwar ba ta karɓar canji biyu a haɗe, a raba mata. Na gyara, ya sake dannawa, ƙara ɗaya.

Na yi murna ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na ce yau Ciyaman ya ga amfanin Hamma. Ashe wani abu dabam ya gani. Da yamma ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Wato wannan abu, ko an yi kuskure yana dawo da kansa? Kowa ma zai iya dannawa ke nan?" Ya ce ƙarshen damina yana nan yadda ya faɗa.

A nan maganar rajista ta shigo. Ma'aikatanmu na wasu garuruwa suna ta karɓar modul ɗin a filas, kowa da irin nasa, wani ya taɓa nan wani ya goge can, har da masu kwaso cuta su zuba wa kwamfuta. Akwai rumbu a intanet inda masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye irin waɗannan, kowa ya sauke kyauta daga wuri ɗaya. Amma ba a jefa abu haka kawai kamar buhu. Sai ka nemi sunan da babu mai shi, ka faɗi aikinsa a layi ɗaya, ka rubuta yadda ake amfani da shi, ka nuna ka gwada. Sunan da na fara zaɓa wani ya riga ni. Na biyu suka ce na ajiye shi a sashen da ba nasa ba. Daga ƙarshe na sa masa Igiya, babu wanda ya taɓa ɗauka. Sai da muka zauna muka tsince lambobin sirrin abokan ciniki da ke ciki tas, don Hamma ya ce amanar mutane ba ta fita ofis. Yawancinsu ma sunayen 'ya'yansu suke sawa.

Abin da ya ja hankalina a dokar rumbun shi ne wannan: wanda aka yi rajista da sunansa shi ke riƙe da makulli. Shi kaɗai zai iya sa gyara ko sabon zubi. Na ce alhamdu lillahi, ga mafita. Manhajar aikinmu ce ni da shi, a lokacinmu muka yi, ba da kayan Ciyaman ba. In sa sunan Hamma, makulli ya zauna a hannunsa. Duk ranar da aka sayo sabuwar na'ura ana son gyara, sai an bi ta kansa. In Ciyaman ya isa ya sallame shi mu gani.

Na same shi a kujerarsa da safe na zayyana masa dabarar, ina jin kaina gwani. Ya saurara har na gama.

"Wato in riƙe aiki da garkuwa."

Na ce ba haka ba ne, haƙƙinsa ne, duk abin da ke ciki daga kansa ya fito.

"Minyam, in mutum ya zauna a wuri don ana tsoron abin da ya riƙe, ba zama yake yi ba. Kuma in rediyon asibiti ya lalace ina kwance a gida, sai su jira makaho ya tashi ya nemo makulli? Mai ido shi ke riƙe makulli."

Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Hamma, korar ka za a yi! Don kai na rubuta abin nan, ba don wani ya ci gaba da danna shi kana gida ba!"

Ya ce, "Na sani. Ciyaman ya rage tsawon gaisuwa, kunnena ai bai mutu ba. Kuma tun ranar da na ce ka ɗauko kujera na san abin da muke ginawa shi zai zauna a wurina. Idon nan tafiya zai yi ko da manhaja ko babu. Gara abin da zai gaje ni ya zama wanda na koya wa ladabi."

Na buɗe shafin rajistar a kwamfuta.

Ya ce, "Ina wurin sunan? Rubuta naka." Na rubuta. Ya ce in karanta masa ya ji, kada in yi masa wayo. Na karanta. Ya miƙo hannu ya laluba madannai, ya sami babban maɓallin nan na dama, ya danna da kansa. Ba a jima ba saƙo ya zo an karɓa.

Kun san yadda ake yaye yaro a sana'a a garin nan. A tara mutane, a kawo lemo, maigida ya sa albarka ya ba shi kayan aiki. Ni nawa ke nan, mu biyu a ofis, babu lemo. Ya buɗe jakar tamfol ya ciro filayar nan mai jan hannu ya sa mini a tafi, ya ce Allah ya sa albarka. Ita ce waccan da ke rataye, wadda nake hana ku taɓawa. Daga nan ya tashi ya shiga ofishin Ciyaman, ya gaishe shi, ya yi masa godiya, ya ce ya zo sallama ne. Bai jira ƙarshen damina ba. Ciyaman ya fito yana ta kame-kame, har da cewa ai ba a yi haka ba, amma bai ce ya zauna ba.

Na tare mana keke napep na raka shi Yola. A hanya ba mu yi maganar aiki ba, sai ya tambaye ni ko ruwa ya fara janyewa daga gonakin gefen titi, na ce ya fara. Da muka isa na kama hannunsa har bakin zaure. Gidansa ne fa, shi ya gina. Ya tsaya ya yi sallama. Babu amsa, Adda matarsa tana can ciki tana daka ba ta ji ba. Na ce mu shiga mana, rana tana dukanka. Ya ce in bari. Ya sake yin sallama, ya tsaya da jakarsa a kafaɗa, har daka ta tsaya muka ji ta amsa. Sannan ya saki hannuna ya shiga.

Shi ne jiran da kuke cewa in cire. Makullin yana hannuna har yau, kuma muddin yana hannuna, manhajar nan za ta ɗaura igiya, ta yi sallama, ta tsaya sai an amsa mata.